Baffansu ya kawo musu babur mai ƙafa huɗu, in bar su su hau?

"Assalamu alaikum. Ni uwa ce, muna zaune a Malali a nan Kaduna. Ƙanin maigidana ya kawo wa yarana tsarabar babur ɗin nan mai ƙafa huɗu, irin wanda ake hawa a daji da rairayi. A jikinsa an rubuta 250cc. Babban yaron shekararsa 13, ƙanwarsa 9. Tun ranar da aka sauke shi ba su da zance sai nasa. Babansu ya ce ai ba kamar mashin ba ne, ƙafa huɗu gare shi, ba ya faɗuwa, a bar su su riƙa zagaya layi da yamma, in an je gona ta hanyar Kujama kuma su sake. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Don Allah akwai haɗari? In akwai, yaya zan yi, tunda kyauta ce kuma ba na son a ga kamar na raina?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya mana su, ya saka wa baffansu da alheri, don da kyakkyawar niyya ya yi. In na fahimce ki, kina son sanin ko gaskiya ne ƙafa huɗu na hana faɗuwa, ko yaro ɗan shekara 13 zai iya da wannan injin har ya goya ƙanwarsa, sannan yadda za ki taka birki ba tare da an ɓata zumunci ba.

Na daɗe ina gyaran waɗannan babura, ina kuma koya wa ma'aikatan manyan gonaki hawansu, don haka ba zan ɓoye miki ba. Rashin kwanciyar hankalinki yana kan hanya. Mai 250cc (cc ma'aunin girman inji ne) na manya ne. Kada yaron ya tuƙa shi, kada a ɗora yarinyar a baya, kada kuma ya taka layin unguwa ko da babba ne a kai. Sauran bayanin duk dalilai ne, don ki samu abin faɗa wa maigida wanda ya wuce "jikina ne bai ba ni ba".

Ƙafa huɗun da ke ruɗin mutane

Abin da maigida ya faɗa shi kusan kowa ke faɗa ranar da ya fara ganin abin nan. Mashin in ka sake shi faɗuwa yake yi, wannan kuwa ga shi tsaye ƙyam ko babu kowa a kai. To amma kallon kitse ake yi wa rogo. A tsaye ne ba ya faɗuwa. Mashin in ya kayar da mutum yawanci kwanciya yake yi ya zame, mahayin ya faɗi gefe. Wannan kifewa yake yi, kuma sau da yawa a kan mai tuƙin yake kifewa.

An ɗaga shi sama ne don ya tsallake kunya da duwatsu, ga shi gajere, ga shi ba faɗi, mahayin kuma yana can ƙololuwa. Nauyi ya taru a sama ke nan, abu kaɗan ke rinjayarsa. Sai kuma maganar tayoyin baya, wadda ita ce mutane ba su sani ba. Mota in za ta sha kwana, tayar waje tana juyawa fiye da ta ciki, saboda akwai haɗin giya a tsakaninsu da ke ba kowacce damar cin nisanta. Yawancin waɗannan babura ba su da wannan haɗin. Sandar ƙarfe guda ce ta haɗe tayoyin baya biyu, tare suke juyawa dole. Saboda haka kullum miƙewa abin yake son yi. Kafin ya yarda ya sha kwana sai tayar baya ta ciki ta ɗan saki ƙasa ta zame, kuma mahayin ne ke jawo hakan da jikinsa: ya matso gaba, ya karkata ƙirjinsa cikin kwanar, ya danne matakin ƙafa na waje. In zai hau tudu ya miƙe ya kwanta kan tanki, in zai gangara ya ja mazaunansa can baya. Jikin mutum rabin sitiyarin ne.

Yanzu ki auna. Mai 250cc yakan kai kilo 170 zuwa 200, wato kusan buhun masara biyu, manyan na gona masu 500cc zuwa sama kuwa sukan kai 300 ko su haura. Yaro ɗan shekara 13 da wuya ya wuce kilo 45 ko 50. Ko ya haddace duk abin da na faɗa, in ya karkata injin ba ya jin sa. In kuma ya kife a kansa, ba zai iya ture shi ba.

Asalin abin ma ƙafa uku gare shi. Kamfanin Honda na Japan ne ya fitar da shi a 1970, ya samu karɓuwa a Amurka, manya da yara suka ɗauke shi abin wasa. Mutuwa da karaya suka yi yawa har gwamnatin ƙasar ta kai kamfanonin kotu, a 1988 aka yi yarjejeniya aka daina sayar da sababbin masu ƙafa uku. Mai ƙafa huɗu, wanda Suzuki ya fara fitarwa a 1982, shi ya gaje shi. Ƙafa ta huɗun ta rage kifewa amma ba ta kawar da ita ba. A Ostareliya, inda manoma da makiyaya ke aiki da shi kullum, ya daɗe cikin manyan abubuwan da ke kashe mutane a gona, har daga Oktoban 2021 doka ta wajabta a sa wa sababbin na aiki wani dogon ƙarfe a baya, wanda zai tokare ƙasa in an kife ya bar wa mahayin sararin numfashi. Ki lura da dalilin ƙarfen nan. Da yawa cikin waɗanda suka rasu ba gudu suke yi ba. A hankali suke tafiya, taya ɗaya ta faɗa rami, abin ya juye ya danne musu ƙirji, kuma babu kowa kusa da zai ɗaga.

Shekaru da girman inji

Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, mutanen da ke karɓar yaran nan a asibiti, matsayinta tun da daɗewa shi ne kada wanda bai kai shekara 16 ba ya hau shi sam, ƙarami ko babba, tuƙi ko goyo. Kamfanonin da ke ƙera shi sun fi sassauci, amma ko su ba su yarda da abin da ake shirin yi a gidanki ba. Tsohon ma'auninsu shi ne: ƙasa da 70cc ga 'yan shekara 6 zuwa 11, daga 70 zuwa 90cc ga 'yan 12 zuwa 15, duk abin da ya haura 90cc sai ɗan 16. Daga baya aka koma auna su da gudu. Na 'yan shekara 6 ana ɗaure shi kada ya wuce kilomita 16 a awa, na 'yan 10 da 12 kada ya wuce 24 sai in babba ya kwance masa, ko an kwance kuma ba ya wuce 48. Naku yana iya kai kilomita 70. Alƙaluman hukumar kare masu sayen kaya ta Amurka sun nuna mafi yawan yaran da suka mutu a kan babur na manya suka mutu, ba a kan nasu ba.

Ki je ki duba robar da ke saman taya ko gaban kujera. In takardar gargaɗin ba ta ɓare ba za ki ga lamba 16 a cikin jar da'ira, kusa da ita hoton mutum biyu a kan babur an soke shi. Ki nuna wa maigida. Sai dai kada ki dogara da takardar ita kaɗai, don da yawa cikin waɗanda ke shigowa kasuwarmu ba su da ita, wasu kuma masu 110cc da 125cc ana tallarsu a matsayin na yara alhali gudunsu ya wuce na yara nesa ba kusa ba.

Kuma maganar ba ta ƙarfin jiki ba ce kaɗai. Toturin wannan babur ba a murɗa shi kamar na mashin, ɗan ƙarfe ne da ake dannawa da babban yatsa. Yaro in ya firgita damƙe hannun yake yi da ƙarfi, da ya damƙe kuwa babban yatsan ya danna totur. Daidai lokacin da ya kamata ya tsaya, a nan injin ke zabura da shi. Na sha ganin wannan a filin koyo, har ga manya, idanu a zare, baki a buɗe, ana yi masa ihu ya saki amma hannun ya ƙi. Sai a ƙara da halin samartaka. Yaron da ke tafiya a natse in ke kaɗai ce a wurin, shi ne zai tsaya a kan kujera in abokansa sun ɗaga waya suna ɗaukarsa.

Na san za a ce miki ai yara sa'anninsa na tuƙa mashin a Rigasa da Tudun Wada ba abin da ya same su. Da farko dai wasu abin yana samunsu, kowa ya san gidan da aka yi. Na biyu, sanin mashin ba ya taimako a nan, cutarwa ma yake yi. Mai mashin ya saba in zai faɗi ya sauke ƙafa ƙasa. A kan wannan, tayar baya tana daidai bayan dugadugansa, da ya sauke ƙafar sai ta bi ta kai, ta fizgo shi ƙasa. Waɗanda suka fi ba ni wahala wajen koyarwa tsofaffin 'yan acaɓa ne.

Goyo da zagaya layi

Kujerar tana da tsawo, shi ya sa kowa ke ɗauka ta mutum biyu ce. Tsawon nan na mahayin ne, don ya samu wurin matsawa gaba da baya kamar yadda na bayyana. Da an ɗora wani a baya an toshe masa wurin, an kuma ƙara nauyi a sama da bayan tayoyin baya, inda ɗan tudu kaɗan zai sa gaban ya ɗaga ya juyo a kansu su biyu. Yarinya 'yar shekara 9 ba ta da abin riƙewa sai rigar yayanta, ƙafafunta kuma suna reto kusa da taya da salansa mai zafi. Haka ma uban da ke ɗora ƙaramin ɗansa a gaba tsakanin hannayensa: in aka ci birki ko aka daki wani abu, yaron ne ke tsakanin ƙirjin babansa da ƙarfen kai. Akwai waɗanda aka ƙera musamman don mutum biyu, sun fi tsawo, da majingina da matakin ƙafa na fasinja daban. Naku ba ya cikinsu, kuma kada a kai shi Panteka a ce a yi masa waldar ƙarin kujera. Masu aikin can gwanaye ne, za su yi shi tsaf, amma walda ba ta canza inda nauyin inji yake.

Zagaya layi kuwa shi ya fi tayar min da hankali a cikin wasiƙarki. Mutane na ganin kwalta ta fi daji sauƙi tunda a shafe take. Ga wannan injin akasin haka ne. A ƙasa ko rairayi tayar ciki tana samun damar zamewa a kwana. A kwalta ko intalok tayar kama ƙasa take yi gam, ba ta zamewa, sai dai injin ya ƙi juyawa ya miƙe cikin kwata ko katanga, ko kuma ya juya farat ɗaya ya kife. A Amurka fiye da rabin mace-macen wannan babur a kan hanyoyin jama'a suke faruwa. Ga shi gajere, mai fitowa da mota da baya daga gida ba ya hango shi, ga Keke Napep, ga yara masu ƙwallo, ga masu komawa gida daga Islamiyya daidai lokacin da ake son a sake shi. Ta fuskar doka ma, lasisin tuƙi a Najeriya daga shekara 18 ne, don haka ɗan 13 ba shi da hurumin hawa hanyar jama'a da kowane irin inji, kuma in ya buge ɗan maƙwabta iyayensa za a nema.

Iskar taya

Akwai wata matsala da na fi gani a nan Kaduna fiye da yadda littattafan kamfani ke zato. Tayar mota ana ba ta iska 30 zuwa 35 a gejin mai faci. Tayar wannan babur 3 zuwa 7 take so, gwargwadon abin da aka rubuta a jikinsa, don laushin tayar yana cikin abin da ke shanye gargada. Mai faci bai saba da ita ba, gejinsa ma ba ya karanta ƙasa da 10 da kyau, sai ya matsa ta da yatsa ya ji laushi ya ɗura mata iska har ta yi tauri.

An taɓa kawo min wani daga wata gona, kansa ya lanƙwashe, robar gefen dama ta tsage, jar ƙasa da ciyawa cushe tsakanin taya da rim. Yaro ɗan kimanin shekara 14 ne ya zo juyawa a bakin kunya ya kife da shi. Da na sa geji, tayoyin gaba suna 25, na baya ɗaya 20 ɗaya 8. Injin da ke haka tsalle yake yi a kan kowane dutse, kuma kullum yana ja gefe guda. Yaron ya tsira da karayar ƙashin kafaɗa, saboda ma'aikata na kusa suka ruga suka ɗage masa shi. Duk mai wannan babur ya nemi ƙaramin gejinsa na musamman, yakan zo cikin jakar kayan gyaransa, ya auna kafin kowane hawa, ya gwada birkin gaba da na baya, ya tabbata totur na komawa da kansa in an saki, ya duba sarƙa da notukan taya.

In har sai an hau

Ra'ayina, ga yarinyar a haƙura tukuna, keke ya ishe ta. Irin na roba mai batir da ƙananan yara ke hawa a tsakar gida, wanda gudunsa bai wuce saurin tafiyar babba ba, wannan abin wasa ne, ba shi nake nufi ba. Amma a kula, akwai masu batir na ƙarfe da ke kai kilomita 25 ko 30 a awa, waɗannan hukuncinsu ɗaya da masu fetur.

Ga yaron, abin da ya fi aminci shi ne matsayin likitocin, a jira 16. In gida ya ƙi haƙuri, to a sauya wannan da ƙarami wanda bai wuce 90cc ba, kuma da sharuɗɗa. Ban ga yaronki ba, ke kika san ko mai jin magana ne, ko in an ce tsaya yana tsayawa. Wanda ba ya bin doka a kan keke ba zai bi ta a kan inji ba. A gwada shi a kan babur ɗin kafin a biya kuɗi: ya miƙe tsaye a kan matakan, a samu tazarar aƙalla yatsu huɗu tsakaninsa da kujera, a zaune gwiwar hannunsa ta kasance a lanƙwashe, ba a miƙe yana miƙo ba, yatsunsa su kama birki su matse shi sosai ba tare da ya saki hannun ba, ya iya juya kan har ƙarshe dama da hagu yana zaune daram. Kada a sayi babba a ce zai girma ya same shi, ba takalmin makaranta ba ne. A jikin totur na ƙananan akwai wani ɗan noti da ke rage nisan dannawa. A ɗaure shi yadda babba zai iya bin injin da sassarfa, kuma wasu suna da igiya a baya wadda in an fizge inji ke mutuwa.

Hular kwano ba ta da madadi, kuma ta mashin ta gaske, mai rufe haɓa, mai tambarin tabbatar da inganci na ECE ko DOT, daidai kansa, a ɗaure igiyarta. Hular masu aikin gini da ta keke ba sa wannan aikin. Hular babansa da ke juyawa a kansa fita za ta yi tun kafin ya kai ƙasa. Sai tabarau saboda ƙura da ƙwari, safar hannu, dogon wando mai kauri, takalmi mai rufe idon sawu. Silifas a'a. Abin da littattafan Turawa ba sa ambata kuma shi ne suturarmu: jallabiya, doguwar riga, gyale, hijabi. Sarƙa da sandar baya a buɗe suke suna juyawa, in suka kama bakin hijabi wuya suke ja. Ranar da yarinyar ta isa hawa, wando za ta sa, da ƙaramin hijabi a cusa shi cikin riga.

Wurin koyo fili ne shimfiɗaɗɗe na ƙasa, wanda babba ya taka da ƙafarsa ya duba tukuna. A gonakinmu da damina ciyawa na rufe ramin zaizaya, kututture da suri, da rani kuma ƙasa ta bushe ta yi tauri, ƙura ta hana gani. Wayar shinge tana daidai wuyan yaron da ke zaune a kan babur. Filayen sababbin unguwanni irin su Millennium City suna jan ido saboda sarari, amma cike suke da ramukan fandisho da na sokawe da tarin bulo. Bakin Kogin Kaduna da gefen dam a nisance su, gaɓa tana zaftarewa.

Ni darasina na farko da inji a kashe nake yinsa. Yaron na zaune, ina tura shi, ina cewa "birki", har sai hannunsa ya riƙa zuwa wurin ba tare da ya duba ba. Bayan nan a tayar, ya tafi taku goma ya tsaya, ya sake, ya sake. Sai na ajiye jarkoki biyu ya riƙa zagaya su kamar lamba 8 a hankali, ina kallon kafaɗunsa da mazaunansa, ba tayoyin ba. In yana zaune sandare a tsakiya bai iya ba tukuna, ko da bai taɓa jarka ba. Tudu sai can gaba. In inji ya mutu a tsakiyar hawa kada ya bar shi ya koma da baya, kada kuma ya danne birkin baya da ƙarfi, don nan take gaban ke ɗagawa. Ya kwanta gaba, ya kama birkin gaba a hankali, ya sauka ta ɓangaren sama. Tsallaka gangare a karkace kuwa ba na yara ba ne ko kaɗan.

Kulawar babba tana nufin babba mai ƙarfin ɗaga injin, tsaye a filin, idonsa a kan yaron. Mai gadi da ke bakin ƙofa ko direba da ke cikin mota yana danna waya ba kulawa ba ne. Ba hawa bayan magariba, ba tsere, ba ba wa aboki aro. Wannan duka ya shafi wuraren shaƙatawa da ke ba da hayarsu lokacin sallah: in babu hula daidai kan yaro, ko ana cusa yara biyu a kan ɗaya, ko masu hawa da masu kallo a fili guda suke, ki riƙe hannun 'ya'yanki ku wuce.

In tsautsayi ya auku

Ni ba likita ba ne, abin da zan faɗa shi ake koya mana a horon agajin gaggawa. In injin na kan yaro, ɗage shi ne farko, ba jira. Bayan nan kada a sungume shi, kada a zaunar da shi, kada a girgiza shi ana kiran sunansa. Wani ya riƙe kansa daidai da jikinsa, a bar hular a kai sai in tana hana shi numfashi, in za a ɗauke shi a sa shi a kan abu mai tauri kamar ƙyaure ko faffaɗan katako. Kada a ba shi ruwa ko abinci, wataƙila a buƙaci yi masa aiki. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, ta hukumar kiyaye haɗura 122. A cikin gari akwai asibitin koyarwa na Barau Dikko da asibitin sojoji na 44, in ta ɓangaren Zariya ne akwai asibitin koyarwa na Shika.

Wanda ya fi yaudara shi ne yaron da ya tashi ya kakkaɓe jikinsa ya ce ba komai, musamman in yana tsoron faɗa. Jini na iya taruwa a cikin kai a hankali, yaro ya yi magana lafiya, bayan wasu awanni ya fara amai, ciwon kai mai ƙaruwa, barcin da ba a iya tashinsa, ruɗewa ko fizge-fizge. Haka in ƙarfen kai ya soke shi a ciki: a waje ɗan tabo ne kawai, a ciki kuwa saifa ko hanta ko hanji na iya fashewa. Duk yaron da ya bugu a kai, ko a ciki, ko injin ya danne shi, likita ya gan shi a ranar, ko da yana dariya. Karaya kuma a fara da hoto a asibiti. Ina girmama masu ɗori, amma karayar gwiwar hannu ta yara tana kusa da jijiyar jini, ɗauri mai tsanani a kan kumburi na iya kashe hannun cikin kwana ɗaya ko biyu.

Maganar baffansu

Za a iya ce miki tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Shawarata kada ki tunkari baffan da kanki. Ki zauna da maigida ku biyu, ba a gaban yara ba, ki kai shi ya ga takardar da ke jikin injin, ki roƙe shi ya gwada ɗaga gefe guda da hannunsa. Mafi yawan iyaye maza da na sa suka yi wannan, a nan gardama ke ƙarewa. Shi zai yi wa ƙaninsa godiya, ya ce masa kamfanin da kansa ya hana 'yan ƙasa da 16, ya nemi shawararsa: a kai shi gona manya su yi aiki da shi har yaron ya isa, ko a sayar a sauya da ƙarami da hula da takalmi. In aka sa shi cikin shawarar ba zai ji an mayar masa da kyauta ba. Yaron ma a gaya masa gaskiya da dalili, a sa masa lokaci, a bar shi ya riƙa wanke shi yana koyon auna iska da duba mai, don hani ba bayani shi ke kai yaro hawa a ɓoye.

Kafin a yanke shawara, ɓoye makulli kaɗai bai isa ba. Yara sun san duk inda ake ajiya a gida, makullan irin waɗannan injuna kuma ba su da wuyar sha'ani, wasu ma suna tashi da igiya ko da kik ko an cire batir. A sa bakanike ya cire fulogi a ba ki ki adana, a rufe fanfon mai, a zura sarƙa mai kauri ta cikin tayar baya a ɗaure ta da ginshiƙi da kwaɗo. In akwai mai zuwa gona a makon nan da motar ɗaukar kaya, a ɗora shi a fitar da shi daga gidan.